Kubura da Filashin da Aka Kawo Daga Zango

Kubura ta yi shekara goma sha ɗaya tana aikin sakatariya a wata makarantar sakandare kafin ciwon gwiwa ya hana ta zirga-zirga. Da ta ajiye aikin, sai ta sayi kwamfuta da na'urar buga takardu, ta kafa su a ɗakin da ke kusa da zauren gidanta a Daura. Malamai na kawo mata tambayoyin jarrabawa, masu neman aiki kuma suna bar mata hotunansu da takardun haihuwa don ta cike musu fom a intanet. Hannunta na da sauri, bakinta ba ya yawo da abin da ta gani. Shi ya sa ake zuwa wurinta har daga ƙauyuka.

Ƙanwarta Yasmin, wadda ta karanci kwamfuta, ita ta haɗa mata intanet, ta saka mata fayawol.

"Yaya, wannan shi zai tare duk wanda ya so kutsowa cikin kwamfutarki ta intanet," in ji Yasmin. "In kuma wata manhaja ta so fitar da bayananki waje, zai tambaye ki tukuna. Amma fa in ke da kanki kika ba wani lambar sirrinki, ba abin da zai iya yi miki."

Wata Laraba bayan azahar, Malam Hafizu, shugaban wata makaranta a Zango, ya zo da filashi ɗauke da tambayoyin jarrabawa. Sauri yake, direba na jiran sa. Kubura na buɗe fayil ɗin farko sai saƙo ya fito a fuskar kwamfutar: wata manhaja tana neman izinin fita intanet. Ta karanta sunan sau biyu. Ba ta taɓa saka ta ba.

"Hajiya, danna masa e kawai mu wuce," in ji Malam Hafizu. "A shagon da na fara zuwa ma kashe abin suka yi, ba ya damun su."

"Malam, takardun mutane sun fi ɗari a cikin kwamfutar nan. Abin da ban sani ba, ba zan buɗe masa hanya ba."

Ta hana izinin, ta zare filashin, ta cire wayar intanet. Malam Hafizu ya ɓata rai, ya ce za ta sa shi kwana a Daura. Ta ce ya ba ta rubutun hannu in yana tare da shi. Ya ciro daga jaka. Ta buga shafi tara a tafiretar da ta ajiye tun zamanin ofis, kafin la'asar ta miƙa masa.

Da Yasmin ta zo ta duba, ta tarar daga filashin manhajar ta shigo, kuma irin mai tattara hotuna da lambobin sirri tana tura wa ɓarayi ce. Manhajar ba ta samu ta fitar da komai ba. Yasmin ta goge ta, ta saka manhajar da ke binciken filashi.

Bayan mako biyu Malam Hafizu ya dawo da malamai uku da kwamfutar makarantarsu. An kutsa cikin imel ɗinsa, ana ta roƙon abokansa kuɗi da sunansa.

"Hajiya, ki yi haƙuri da abin da na faɗa ranar nan. Ki nuna mana yadda ake kare kwamfuta."

Kubura ta sa aka shimfiɗa musu tabarma a zaure, ta jawo kujerarta, ta ce kowa ya fito da biro.