Yadi Biyar na Alawayyo

Majigin ya iso gidanmu na Sabon Garin Maraɗi a cikin kwalin madara, an naɗe shi da tsohon zane. Autanmu ne ya aiko shi daga Abijan ta hannun wani direban babbar mota, tare da ɗan kile, abin nan da ake soka wa na'ura, mai ɗauke da bidiyon ɗansa na fari. Autan ya daɗe bai zo gida ba, yaron har ya fara tafiya, mahaifiyarmu Inna kuwa ba ta taɓa ganin fuskarsa ba.

Ba don ba a nuna mata ba. Kullum sai an kanga mata waya, ta matso da ita har ta taɓa hancinta, ta ce "Ma sha Allah" don kada ranmu ya ɓaci. Wata rana na gwada ta da hoton ragon layya, ta ce Allah Ya raya shi. Ban yi dariya ba. Lokotoron ido, wato likitanta, ya riga ya ja ni gefe ya ce ganin nata raguwa yake yi, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Babban abu mai haske tana iya gani tukuna, amma ba wanda ya san har zuwa yaushe. Da na faɗa wa auta, shi ne ya nemo majigin.

Ni malamin makaranta ne, Mushe ake kira na a unguwa, wato malam a bakin Faransa, kuma na yarda ina da ciwon nan na malamai, ba na son a koya mini abu. Na yi rantsuwa Inna ba za ta ga bidiyon ba sai na sami abin haskawa mai kyau, don ba abin da nake tsoro kamar in sake jin wannan "Ma sha Allah" ɗin ta tausayi. Saboda haka a zaure nake gwaje-gwajena, in rufe ƙofa in toshe taga da buhu.

Da bango na fara. Bangon zauren namu fenti rawaya ne da shi, ruwan damina kuma ya yi masa zane. Yaron ya fito kamar mai shawara, tsagar siminti ta raba masa hanci biyu. Na koma kan farar shaddar matata, wadda take ajiyar bikin ƙanwarta. Ta ba ni aro tana tsaye a kaina kamar ɗan sanda. Shadda ta yi ta walƙiya, furannin jikinta suka hau kumatun yaron, da ta ji na ambaci ƙusa kuwa sai ta naɗe abarta ta fice, ko sannu ba ta ce mini ba.

Na je wani shago da ke sayar da kayan tele, na tambayi allon majigi na gaske, irin wanda ake janyowa daga sama. Mai shagon ya ce akwai, amma sai an yi odarsa, in dawo bayan wata guda, ko biyu. Idon Inna ba zai jira oda ba, na yi masa godiya na fito.

Sai yayan matata ya shigo maganar. Manomin rani ne a Jiratawa, mutum ne wanda ba ya jin matsala ya rasa maganinta. Washegari ya ɗauro mini fararen buhuna da aka farke aka ɗinke su wuri guda, shimfiɗa guda mai faɗi. Abin da bai faɗa mini ba, a kanta yake shanya barkono. Muna kaɗa ta a rufaffen zaure, ni da shi muka shiga atishawa kamar an biya mu. Na daure na kunna majigi ina hawaye, sai ga rubutun buhun taki ɓaro-ɓaro a goshin ɗan ƙanena. Yayan matata ya ce, "To ai dai ya hito." Allah ne kaɗai Ya hana ni faɗa masa abin da ke bakina.

Matata ce ta ce, cikin muryar nan tata ta wanda ya gaji da kallon wauta, abin da nake nema farin yadi ne kawai, marar sheƙi, marar ado. In sayo alawayyo ta kalmashe sama da ƙasa a keke, a zura gora. Na ce ai dama tunanin da nake yi ke nan.

Da safe na nufi babbar kasuwa, idanuna jawur, sun kumbura da barkonon jiya. Na tsaya rumfar wani dattijo mai yadi, abokin marigayi mahaifinmu, wanda ya san muna ta zirga-zirgar likita da Inna. Sauri nake yi don in koma aji, ko gaisuwar kirki ban tsaya yi ba. Na ce ya yanko mini alawayyo fari yadi biyar. Ya dubi idona, ya dubi yadin. Ya ce a hankali, "Na wa ne, Mushe?" Na ce na Inna ne.

Ya auna, ya yaga, ya ninke da hannu biyu, ya ƙi karɓar ko dala, har ya rako ni bakin titi ya tsayar mini da kabu-kabu. A hanya ina ta jin daɗi, ina cewa ashe har yanzu ana ganin girman malamai a garin nan. Duk Maraɗi, daga yaro har tsoho, an san abin da ake nufi idan babban ɗa ya zo da jan ido ya sayi farin alawayyo bai yi ciniki ba. Ni kaɗai na manta, ni mai koyar da ’ya’yan mutane.

Dattijon ya kira wani ɗan'uwansa a Tibiri don ya ji ƙarfe nawa za a yi sutura. Ɗan'uwan kuma maƙwabcin Iya ne, ƙanwar Inna.

Bayan la'asar ina kan kujera a tsakar gida ina kafa ƙusa, matata na zura gora a yadin, sai muka ji kuka tun daga bakin layi. Iya ce ta faɗo gidan, takalmi ɗaya a ƙafa, mayafi na jan ƙasa, mata huɗu na biye da ita.

"Wayyo Yayata! Kunka bari ta tahi ba ku hwaɗa mani ba!"

Inna na zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakinta, kwanon kwaɗon zogale a cinyarta. Ta ɗago kai ta juya kunne wajen muryar.

"Wa ya tahi? Ke, mi ya hwaru a Tibiri?"

Iya ta ƙame. Ta dubi Inna, ta dubi farin yadin a hannun matata, ta dube ni a kan kujera da guduma. Ta matsa ta taɓa ƙafar yayarta da ɗan yatsa, kamar mai gwada zafin tukunya. Inna ta ce, "In kwaɗon kike so, wanke hannunki." Sai Iya ta zube a kanta, kuka ya rikiɗe ya koma dariya, dariya ta koma kuka, su biyun suna dukan juna a baya. Da na yi bayani, Iya ta cire takalmin da ya rage mata ta bi ni da shi har zaure.

A ƙofar gida kuwa na tarar an fara shimfiɗa tabarmi. Maƙwabta, abokan aikina biyu, yayan matata da ya baro fadama da laka a ƙafa, da dattijon mai yadi ya sha babbar riga. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Dattijon ya saurare ni har ƙarshe, ya yi hamdala sau uku, sannan ya ce tunda ya rufe rumfa saboda ni, ba inda za shi sai ya ga abin da aka yi da yadinsa.

Haka masu ta'aziyya suka zama ’yan kallo. Bayan magariba muka rataye yadin a bangon tsakar gida, gorar ƙasa ta ja shi ya miƙe sumul. Aka sa wa Inna kujera a gaba, Iya na riƙe da hannunta. Na yi addu'ar kada a ɗauke wuta, na kunna.

Fuskar yaron ta cika yadin, faɗinta ya fi ƙofar ɗaki. Yana dariya da haƙora biyu, yana tahowa yana tangaɗi. Ni ba yadin nake kallo ba, bakin Inna nake kallo, ina jiran in ji me zai fito.

Ba ta ce "Ma sha Allah" ba. Ta miƙe, ta tako har inuwarta ta rufe hoton, na matsar da ita gefe kaɗan. Ta daɗe tana dubawa. Sannan ta ce, "Kai! Kunnuwan babanku ne. Ku dubi yadda suka tashi!" Ta fashe da dariya, ta ɗora tafin hannunta a kan kumatun yaron, haske ya hau yatsunta. Dattijon mai yadi ya ce wallahi su ne, da kunnuwan nan ya san abokinsa tun suna samari. Na juya baya na yi kuka, wannan karon ba barkono.

Sau shida muka maimaita kafin a kira isha'i. Da mutane suka watse na zo zan naɗe yadin, Inna ta ce in zare gorar in miƙo mata. Ta ninke shi da kanta, ta sa a ƙasan adakarta, ta ce duk Juma'a za ta ba mu aro, amma nata ne.

Na ce, "Inna, ai sai in sayo miki wani."

Ta ce, "Wannan nike so. Ran da ranar ta zo, kada ka koma kasuwa ka tada ma mutane hankali, ga shi nan a ajiye. A cikinshi na ga jikana."

Har yau duk Juma'a muna karɓar aronsa. Yanzu haske kawai take gani a jikinsa, amma ta san daidai wurin da kunnuwan suke, kuma nan take kai hannu.