Kawuna Mai Fenti, Wanda Ya Zana Mini Mutanen Wasana

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, sha biyu ga watan jiya, da hantsi, Allah ya karɓi ran kawuna, ƙanin mahaifiyata, bayan jinyar wata huɗu. Shekara arba'in ya yi yana rubuta allunan shaguna, har unguwa ta manta sunansa, sai Mai Fenti.

Kawu, ba ka taɓa riƙe kwamfuta ba, amma kai ka fitar da ni daga ruɗani lokacin da na fara koyon haɗa wasan waya. Wata biyar na yi ina neman inji, wato manhajar da ake gina wasa a kanta. Na ɗauko wani babba, kwamfutata ta yi zafi ta ɗauke. Na koma wani, na tarar sai wanda ya ƙware. Akwai na uku, ƙarami, wanda na raina. Na zo shagonka bayan an tashi daga makarantar da nake koyarwa, na zauna kan gwangwanin fenti ina ta ƙorafi. Ka saurare ni kana wanke buroshi, sannan ka tambaya wanne ne kwamfutar ke iya ɗauka. Na ce ƙaramin.

"To, Malama, me kike jira? Da buroshi uku na rayar da 'ya'ya bakwai."

Wasan nawa na wani mai keke ne da ke raba wasiƙu cikin cunkoson titi. Na kwaso zane-zanen kyauta daga intanet: gidaje na wani, bishiyu na wani, mai keken kuma ya fi motoci girma. Da na nuna maka, ka yi dariya har da tari, ka ce kamar allon da mutum huɗu suka rubuta suna gaba da juna. Ka ce in bar maka zanen.

Ranar da na gaya maka sai an zana mai keken sau takwas kafin ƙafarsa ta juya, ka riƙe haɓa. Ka ce kai sau ɗaya kake zana mutum ya tsaya a bango shekara goma bai yi ƙorafi ba. Duk da haka ka zana, a bayan kwalaye, ni kuma ina ɗauka a hoto. Da ka ga ƙafar ta motsa a fuskar waya, ka kira telan da ke maƙwabtaka da kai ya zo ya gani.

Sai hannunka ya fara rawa. Layukan suka karkace, tayoyi suka daina zama da'ira. Nan ne na yi abin da ke cin raina. Na cire zanenka gaba ɗaya, na sa waɗansu masu tsabta da na samo, ban gaya maka ba. Ka ci gaba da aiko kwalaye daga gadon jinya, ina karɓa ina godiya, ina jibge su a bayan ƙofa. Duk sanda ka ce in kawo ka gani, sai in ce da saura. Daga baya ma na rage zuwa, don ba na iya haɗa ido da kai.

Bayan an kai ka, Inna, matarka, ta ja ni ɗaki. Ta ce tun wata biyu da suka wuce babbar 'yarka ta nuna maka wasan da na tura mata ta gwada a wayarta. Ka daɗe kana kallo, sannan ka ce na yi daidai, hannun ya riga ya tafi. Na tambaye ta me ya sa ka ci gaba da zanen.

"Ya ce idan ya daina, za ki gane ya sani, ki ji kunya ki daina zuwa."

Ban samu na nemi gafararka ba, Kawu. Ina nema yanzu, a inda ba za ka amsa ba.

Allah ya jiƙanka da rahama, ya sa ciwon da ka sha ya zama kaffara, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyya ga Inna da 'ya'yanka bakwai, da mahaifiyata wadda yanzu ba ta da sauran ɗan'uwa a duniya. Allah ya ba mu haƙuri, ya kyautata namu zuwan. Amin.