Ƙidayar Wankan Jego a Dar Salam

Ana sallame sallar asubar Litinin muka bar Alhilla Kuku, unguwarmu da ke gabashin Khartoum, ni da abokin aikina, ko shayi ban tsaya sha ba saboda raina a ɓace yake. Ƙungiyar da nake yi wa aikin duba lafiyar mata da yara tana da ɗan ɗakin magani a wani lungu na Dar Salam, can bayan Omdurman: ɗaki ɗaya, nas ɗaya, sai firjin rigakafi mai aiki da hasken rana. Kwanakin baya an yi ƙidaya a lungun, takarda ta fito fes, wai yara ba su da yawa, kuma ba sa mutuwa. Sai manya suka ce a ɗauke nas da firji a kai wani wuri, ranar Alhamis za a sa hannu. Na miƙe a taro na ce wallahi takardar nan ƙarya take yi. Mutanen lungun danginmu ne, jikokin mahajjatan da suka taho daga Najeriya suka zauna, irin kakana. Aka ce to, sarkin baki, kawo hujja kafin Alhamis. Abokin tafiyar tawa kuwa shi ya yi ƙidayar farko. Balarabe ne, mutumin kirki, amma na san ya biyo ni ne don ya ga yadda zan ji kunya.

Hafila muka shiga, ƙaramar bas ɗin nan da ake cusa mutum har sai ya manta ƙafarsa wacce ce. Muka tsallaka kogi muka faɗa Khartoum. Jama'a, duk wanda ya san garin nan kafin yaƙi sai zuciyarsa ta karye: benaye baƙi ƙirin, tagogi a wangale, ciyawa ta fito a tsakiyar kwalta. Amma ga masu sayar da shayi sun dawo gindin bishiyoyinsu, sun jera kujeru kamar babu abin da ya faru, sai na ji ƙarfi ya zo mini. Shingen bincike kuwa na daina ƙirgawa. Kusa da gadar Omdurman muka ci ful, dafaffen waken nan, da man riɗi da burodi. Kuɗinsa ya hau, burodin kuma ya rame, sai da na ci huɗu kafin cikina ya san an gaishe shi. Daga kasuwar Suk Libya muka hau raksha, keken nan mai ƙafa uku, da yashi ya ƙi ta sai muka ƙarasa a karo, jaki na ja, muna zaune a gefen gangar ruwa.

A gidan tsohuwar unguwarzomar lungun muka sauka, wadda kowa ke kira Hajja Daya. Gidajen duk na jan laka ne, famfo babu, ruwa sai na karo. Na ajiye jaka na fita aiki da ƙarfina, don na ɗauka harshe ne ya kayar da abokina: ya yi tambaya da Larabci, ni kuwa zan yi da Hausa. Gidan farko na tarar da wata mata tana tuya kisra, siririyar wainar dawar nan. Na ce, “Yaya, 'ya'yanki nawa?” Ta sunkuyar da kai ta ce uku. Akwai wanda ya rasu? Ta ce alhamdu lillahi. Alhali ga wata budurwa tana wanke-wanke, kamarsu ɗaya sak, kuma ba ta cikin ukun da aka lissafa. 'Yar fari ce, uwa ba ta faɗin sunanta, balle ta ƙirga ta a gaban baƙi. Haka muka yi ta shiga gida-gida har la'asar, amsa iri ɗaya. Abokina yana ta murmushi yana nuna mini na'urarsa ta ƙidaya, ni kuwa kamar in kwaɗa masa ita.

Da muka koma, Hajja Daya ta yi mini dariya har da tafa hannu. Ta ce, “'Yar nan, ashe boko ya cinye miki kai. Wace uwa ce za ta ƙirga 'ya'yanta kamar awaki? Na fari akwai kunya. Wanda ya koma kafin suna kuwa baƙo ne, ba a tayar da maganarsa. Ki tambaye su sau nawa suka yi wankan jego. Ruwan zafin nan babu macen da ke mantawa da shi, ko ɗa ya zauna ko bai zauna ba.” Ni da aka yi wa wankan nan da ganyen darbejiya har fatata ta yi ja, ban taɓa kawo shi a raina ba.

Ranar Talata da hantsi ta tara mana mata a ƙarƙashin rumfarta, aka dafa jabana, wato gahawa, da citta, abokina ya zauna a bakin ƙofa ta waje da na'urarsa. Na yi musu bayani dalla-dalla. Na ce masu takarda ba sa ganin fuska, abu biyu suke dubawa: jarirai nawa aka haifa da rai, kuma nawa ne a cikinsu ba su kai shekara ba. In kun ɓoye na farko sun ce ba ku da yawa, in kun ɓoye na biyu sun ce lafiyarku ƙalau, ko ta ina firji ya tafi. Duk da haka kowacce na kallon kofinta. Sai na ga ba ni da bakin roƙon abin da ni ma na ɓoye. Na ce, “Ni duk wanda ya tambaye ni cewa nake 'ya'yana uku. Wankan jegona huɗu ne. Namiji ne, ya yi kuka, kwana biyu ya yi.” Shekara tara ban furta wannan ba.

Matar kisra ce ta fara ɗago kai ta ce nata bakwai ne. Daga nan bakin kowa ya buɗe. Kowane wanka sai mu bi shi a hankali: ya yi kuka da ya faɗo? Don wanda aka haifa babu rai layinsa daban ne. Ya kai suna? Ya kai shekara? Ya kai biyar? Na tambayi kowacce ko cikin yayyenta da ƙannenta mata akwai wadda ta tafi a kan gwiwa ko cikin arba'in, tunda mamaciya ba ta amsa tambaya. Ranar Laraba muka bi sauran gidaje. Muka raba waɗanda gudawa ta kama a makon nan da masu tsohon ciwo irin hawan jini, muka kuma tambayi sau nawa aka ɗora tukunya jiya, don wanda bai kwanta ciwo ba amma ya kwana da yunwa ba za a ce yana cikin walwala ba. Abokina ya daina murmushi tun ranar Talata. Da yamma ya saya mana agashe mai yaji ya ce, “Ya ustaza, na yi tambaya daidai, amma ban tambayi kowa ba.” Na ce ya ƙaro albasa sannan in yafe.

Ranar Alhamis daga karo sai ofis, da ƙurar Dar Salam a gyalena. Babbanmu ya karanta sabuwar ƙidayar ya ɓata fuska, ya ce wannan zai sa a ce aikinmu ya lalace, ko za a haɗa da ƙidayar farko a ɗauki tsakiya? Na ce, “Ranka ya daɗe, ɗan mutum ba shi da tsakiya. Ban kashe kowa ba, ƙirga su na yi, kuma ko ɗaya ba zan goge ba.” Abokina ya miƙe ya ce a yaga tasa. Ba a sa hannu ba. Nas tana nan, firji yana nan.

Na iso gida bayan la'asar, ƙafafuna sun kumbura. Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne takarda mai tsabta ba shaidar lafiya ba ce, kuma mutanen da ba a iya tambaya ba su ne ake fara ƙwace wa magani. Ina ba mahaifiyata labari tana tsince shinkafa, ko kallona ba ta yi. Ni ce babba a wurinta, ba ta taɓa kiran sunana ba, kuma mu biyar na sani tun tasowata. Da na gama sai ta ture faifan gefe ta ce, “Ke, takardar taki da sauran wuri? Wankana bakwai ne. Biyu kafin ke.”