Sunan Baba Jara a Shafukan Mutane

Ana sallame sallar asuba muka tashi daga Kano, ni da wani abokina da muka gama jami'a tare. Shi Fatakwal zai je neman aiki, ni kuma yayana ne ya kira ni Anacha. Kafin in shiga labarin hanya, bari in faɗi abin da ya kai ni, saboda masu bibiyata da ba wannan sana'ar suke yi ba.

Aikina shi ne taimaka wa shafukan intanet su fito a sama idan mutum ya yi bincike. Wani ɓangare na aikin shi ne duba mahaɗai, wato wuraren da wani shafi ya nuno naka. Kalmomin nan masu launin shuɗi da ake latsawa su kai mutum wani shafi, injin bincike yana ɗaukarsu kamar shaidar maƙwabta: da sunan da suka kira ka yake gane ko kai wane ne. Haka dai na fahimta, don masu injin ba su taɓa faɗin sirrinsu duka ba.

Yaya ne ke riƙe da rumfar albasa da attaruhu da mahaifinmu ya bari a kasuwar Ose Okwodu da ke Anacha. Bara na buɗe masa shafi da sabon sunan Turanci da ya zaɓa. Da na tattara mahaɗan da ke nuno shafin, sai na ga mafi yawansu ba sabon sunan suka rubuta ba. "Baba Jara" suka rubuta. Haka mutanen kudu suke kiran mahaifinmu, don ba ya auna wa mutum kaya bai ƙara masa gyara ba, su kuma jara suke cewa. Yaya ya ce wannan suna ba ya kawo baƙon ciniki. Yana so in bi masu shafukan ido da ido, in roƙe su su goge shi, su rubuta "sarin albasa a Anacha" da Turanci.

Hanya dai tana nan yadda kuka san ta, ko ta fi. Kuɗin mota ya tashi har na sake tambayar mai yankan tikiti ko na mutum biyu yake nufi. Daga Kaduna abokina ya yi barci, ya bar ni da lissafin ramuka da shingaye. A Lakwaja muka kwana, don direbanmu ba ya tafiyar dare, ni kuwa ban yi masa musu ba. Kifin Lakwaja ya yi daɗi, sai dai na ci rabi na tsaya ina tunanin ko cikina zai yarda, abokina ya ƙarasa mini sauran ba tare da wani tunani ba.

Washegari muka hau gadar kogin Kwara daga Asaba. A Anacha aka haife ni, ina gama firamare aka mayar da ni Kano wajen kakata, kuma ina jami'a Baba ya rasu, aka rufe shi ban iso ba. Tun daga kan gada nake leƙen bakin ruwa kamar zan hango shi.

Kasuwar Ose ba ta canza wari ba: albasa, busasshen kifi, laka. Dattawan rumfunan kusa suka tare ni da gaisuwa mai tsawo, ya hanya, ya mutanen gida, ya ƙarin haƙuri, kamar jiya aka yi rasuwar. Bencin Baba yana nan, an ɗaure masa ƙafa ɗaya da waya. Na zauna ina kallon Yaya yana auna wa wata mata albasa. Ya cika kwando daidai baki, ya ɗaure. Matar ta ɗan tsaya, sannan ta ɗauka ta tafi. Ban ga laifinsa ba, kuɗin dako daga arewa ya cinye ribar da ake yin gyara da ita.

Na ce masa, "Yaya, akwai abin da nake tsoro. Idan mahaɗai da yawa suka koma kalma iri ɗaya a lokaci guda, wataƙila injin ya ɗauka haɗa baki aka yi, ya tura mu ƙasa."

Ya ce, "Wataƙila, wataƙila. Kai digirin wataƙila ka yi ne? Wanda yake neman buhu hamsin a waya, Baba Jara zai rubuta? Ya san shi ne?"

A nan yana da gaskiya.

Daga nan muka bi ta Owerri zuwa Fatakwal, ruwan sama ya raka mu har cikin gari. Mun sauka a unguwar Hausawa wajen wani mai shayi ɗan garinsu abokina. Na ci gasasshiyar agada da kifi, bole suke ce mata, yajinta ya sa ni hawaye a gaban jama'a. Mutumin da na je nema Bahaushe ne haifaffen can, yana da gidan abinci da shafinsa mai nuno namu, Hausarsa rabi Turancin kasuwa ce. Ya ce babu damuwa zai canza, sai dai mai kula masa da shafin ya yi tafiya. Na fito ina jin sanyi a raina, alhali aikin da ya kawo ni bai yiwu ba. Wannan sanyin ya dame ni har na kwanta.

A can na bar abokina, na hau motar Inugu ni kaɗai. Da safe a unguwar Obiagu na karya da okpa, wani abu ne kamar alala da ake yi da garin gurjiya, a naɗe a ganyen ayaba. Adaidaita sahu, wanda a nan keke kawai suke ce masa, ya shiga da ni wasu lunguna har ƙofar wata mata Inyamura mai girkin biki. Shafinta na girke-girke shi ne mafi ƙarfi cikin masu nuno mu, a ƙarƙashin bayanin dafa-duka ta saka mahaɗin.

Ina faɗin daga inda nake ta ajiye ludayi ta ce, "Na you be Baba Jara pikin?" Wato ni ne ɗan Baba Jara? Ta ce goshin ma nasa ne. Ta zaunar da ni, ta ba ni labarin yadda take zuwa Anacha sari tun tana da tukunya ɗaya, da yadda Baba yake bari sai ta ɗora kaya a ka, sannan ya cusa mata albasa a jaka ya ce na yara ne. Ta kwaikwayi yadda yake faɗa da Inyamurancinsa mai karkata. Ni ban taɓa sanin yana jin yaren ba.

Na yi mata bayanin abin da ya kawo ni, ina fatan ta ƙi. Ba ta ƙi ba. Ta goge hannu a zani, ta ɗauko waya, ta ce abin da 'ya'yansa suke so shi za ta yi, in faɗa mata abin da za ta rubuta. Ta fara gogewa daga ƙarshe, harafi bayan harafi, ina kallo. Jara ya tafi. Saura Baba.

Na ce, "Madam, dakata. Don Allah mayar da shi."

Ta dube ni, ba ta tambaye ni dalili ba, ta mayar.

A bakin titi na kira Yaya. Na ce mu bar wa mutane sunan da suka san mu da shi. Kalmomin sari zan saka su a kanun shafinmu da cikin bayaninsa, inda muke da iko. Sababbin mahaɗai kowa ya rubuta abin da bakinsa ya saba. Sannan in buɗe wa Baba shafi guda a ciki, don wanda ya latsa sunansa ya tarar da shi, ba baƙon suna ba.

Ya ce, "Ka tabbata zai yi aiki?"

Na ce, "Ban tabbata ba, Yaya. Amma ba zan goge ba."

Ina jin hayaniyar kasuwa ta bayansa. Ya ce, "Ka san duk wanda ya zo da wannan sunan, gyara zai tsaya jira."

Na ce na sani.

Ya ja numfashi. "To ka ce wa Inna ta nemo hoton nan nasa na kan benci. Kada ka saka na fasfo, ya ɗaure fuska a ciki."

Na dawo Kano ta Makurdi da ciwon baya da ƙullin okpa da Madam ta cusa mini a jaka bayan na riga na rataya ta. Inna, mahaifiyarmu, ta ciro hoton daga ƙasan akwatinta, ta daɗe tana share shi da gefen mayafi kafin ta miƙo.

Abin da tafiyar ta koya mini kaɗan ne. A sana'armu muna duba kalmomin mahaɗi mu rarraba su, wannan sunan shago ne, wannan sunan kaya ne, mu ce wane ya yi yawa wane ya yi kaɗan. Yana da kyau mutum ya je ya ga wanda ya rubuta kafin ya ce a goge. Ko shafin zai hau sama ko ba zai hau ba, sai nan gaba za a gani, kuma ban san ko Yaya zai dawo da gyara kullum ba. Ya dai ce matar nan mai kwando ta dawo, kuma wannan karon ba ta tsaya a banza ba.

Ni kuwa kowace safiya nakan buɗe shafin Madam, in gangara ƙasan dafa-duka, in latsa sunan, ko da yake na san inda zai kai ni.