Mai Man Ƙaro a Kasuwar Rogo

Daga rumfarta ta daddawa a kasuwar Rogo, Hajo tana kallon baƙon da ya baje kwalabe a kan tabarma. Dogo ne, shiru-shiru, hannun rigarsa a sauke duk da wannan zafi. Man shafawa yake sayarwa, wanda ya dama da ƙaro. In aka shafa sai ya bushe ya kama fuska, ta yi sheƙi kamar tangaran. Kwalaben ba takarda, ba hatimin hukuma.

Duba-gari ya tsaya, ya shinshina ɗaya.

"Malam, me ke ciki?"

"Ƙaro ne, ranka ya daɗe, irin na tawada. Ai ba a hana shi ba."

Duba-gari ya gyaɗa kai ya wuce.

Hajo dai hannunsa take kallo. Ba ya taɓa man da yatsa, sai da tsinke. Wataƙila da can ya taɓa, domin da hannun rigar ya zame, ta ga fata a saɓule, jawur har gwiwar hannu.

Yanzu ga Zaituna, ƙanwarta, ta durƙusa gabansa, ta rufe ido, ta miƙa masa kumatu.