Katantanwar da Ta Warware

A tsohon Zangon Lome, idan an yi sallar isha, mukan kewaye murhun Kaka Hajjo tana gasa mana masara. Iskar teku tana kaɗo ƙaurin kifi, ita kuwa ta jawo ƙwaryarta ta duwatsu ta ajiye a cinya.

Duwatsun naɗaɗɗu ne kamar ƙahon rago. Katantanwar dutse take kiransu. A ƙasarsu ta Damargu ake tsintarsu cikin fako, kuma duk mai shanun da zai gangaro kudu ya san ba a gaishe ta hannu wofi. Ɗaya ce ta fita daban. Ta fara naɗuwa kamar sauran, sai ta miƙe, ta lanƙwasa baki kamar ƙugiya. Ni dai na raina ta, don ko murza ta ba a iya yi.

Da aka fara raɗe-raɗin za a tashi Zango, ƙanenta Baba Ilu ya zo daga arewa don ya tafi da ita gida. Hankalina ya tashi ƙwarai. Na daina cin abinci sosai, har tana tsokanata: "Maigida, tun ban tafi ba ka fara takaba?"

Ana gobe zai koma, ya zauna tare da mu a bakin murhu.

"Yaya, ki ba ni amsa," in ji shi. "Gidan ma rushe shi za a yi."

Ba ta kula shi ba. Ta dube mu ta ce, "Ga ta nan tafe, ku buɗe mata kunne."

Muka ce ta zo mu ji ta.

Wai a da can Damargu teku ce. Wata rana ruwa ya fara janyewa kudu. Katantanwa duka suka ƙudundune, suka ce nan aka haife su, nan za su jira shi. Wata ƙarama ta ce ita bin ruwa za ta yi. Ta warware jikinta, ta miƙe, ta yi ta jan ciki. Da ta yi nisa kewar gida ta kama ta, ta juyo da kai za ta koma, sai jikin ya ƙi naɗuwa. A haka ta daskare, kai yana duban gida, jiki yana duban ruwa.

"Ƙurunƙus," ta ce. "Ilu, ka ji amsarka."

Washegari ta juye masa duwatsun a jaka, ta ce ya mayar da su inda aka tsinto su. Karkatacciyar kaɗai ta riƙe. Mu kuwa muka cika tsakar gida da tsalle da ihu, Kaka ta zaɓe mu.

Ta bi mu sabon Zango, can aka binne ta. Shekara da shekaru ina ɗaukar tatsuniyar nan labarin jarumta ne. Sai da na yi furfura a ƙasar wasu, ana ta ce mini in dawo gida ina cewa baɗi, sannan na fahimta. A daren nan ban kwana take yi da garinsu, a gaban ƙanenta, mu muna cin masara. Cikinmu ba wanda ya ce mata sannu.