Gwanjon Waken Gidan Baba Iliya

Cikin shekarun da na yi ina sayen kaya a reshenmu na Tasawa, ranar da ta ƙi fita raina ita ce wata Laraba ta watan Nuwamba, shekarar da aka kawo mana gwanjon na'ura. Ku da kuka zo daga baya kun tarar da abin ya zauna, kuna ganin kamar da shi aka haifi kamfanin. To ku gyara zama.

Kafin nan aikina na ƙafa ne. In kamfani na son wake don ciyar da ƴan makaranta, sai in hau moto in bi kasuwanni, Urafane, Baudeta, har Cake ta wajen Mayahi. In ɗebi wake in duba ko ƙwaro ya taɓa shi, in taya, a ce albarka, in ƙara, har a sallama. Sai manyan kamfani da ke Maradi suka ce yawon nan yana cin esans, wato man moto. Ba su kuma yarda da mu ba, ko da yake wannan ba su faɗe shi da baki ba.

Sabon tsarin gwanjo ne a baibai. A gwanjon da muka sani, masu saye ke ƙara kuɗi. A wannan, masu sayarwa ke ragewa. Duk mai wake sai ya yi rajista da lambar salularsa. Ranar gwanjo na'ura ta aika masa saƙo, ta ce ana son buhu kaza. Ya turo farashinsa, ita kuma ta gaya wa kowa mafi ƙanƙantar farashin da aka kai, amma ba ta faɗin mai shi. Mu kanmu a biro, wato ofis, lambobi kawai muke gani a ekran, allon na'urar, kuma salulolinmu na kulle a dirowar shef, shugaban reshenmu, har a gama, don kada wani ya tsegunta wa abokinsa. Da an rufe, na'ura da kanta ke rubuta takardar komanda, wato odar kaya, ta tura Maradi, ta ware kamiyon da zai je ɗauko kaya. Hannun mutum ba ya shiga ko'ina, abin da ake taƙama da shi ke nan.

Cikin waɗanda na yi wa rajista da hannuna a kasuwar Urafane akwai Baba Iliya. Dattijon ikilisiya ne a wani ƙauye kusa da nan, mai babban gandu, bakin da ke ci a gidansa ya haura ashirin. Na daɗe ina sayen wakensa. Ya iya karatu tun yana saurayi saboda Littafi Mai Tsarki, don haka latsa lambobi bai gagare shi ba. A shekarar nan gero ya ƙi a yankinsu, wake ne kawai ya yi. Ya gaya mini ƙarara cewa waken nan shi zai sayar ya sayi geron da zai kai gidansa har damina.

Ranar Larabar aka buɗe kason ƙananan manoma, buhu ashirin. Muna zaune mu uku: ni, shef, da Madam Hadiza mai kula da rajistar cikin gari. Mutum tara suka shiga. Da farko abin ya tafi yadda ya kamata, wannan ya rage kaɗan, wancan ya rage kaɗan. Da aka zo daidai farashin kasuwa sai mutum bakwai suka yi shiru, kamar yadda duk mai hankali zai yi. Saura lamba huɗu da lamba bakwai.

Waɗannan biyun suka ƙi tsayawa. Huɗu ya rage, bakwai ya rage. Kuma dokar na'urar ita ce, duk wanda ya rage a ƙarshen lokaci sai ta ƙara minti. Suka wuce farashin kaka, suka wuce farashin da mai bukata ke zubar da kaya in yana da marar lafiya a asibiti. Shef ya miƙe tsaye yana murza hannu. Ni kuwa ban taɓa ganin an sayar da wake haka ba sai in na sata ne.

Na ce, "Shef, wanga abu ba lahiya ba. Ko dai ruɓaɓɓen wake ne, ko wani ya haukace."

Ya ce, "Malam Lawali, kai dai ba ka son ci gaba. Wannan shi ne konkurans, gasar kasuwa."

A ƙarshe bakwai ya yi shiru, huɗu ya ci. Na'ura ta rufe, ta tura komanda, sannan ta buɗe sunaye. Lamba huɗu Baba Iliya ne. Na dubi lamba bakwai, na sake dubawa, na cire tabarau na goge. Bitrus Iliya. Ɗansa na fari, tela a nan cikin Tasawa. Madam Hadiza ta ce ita ta yi masa rajista, ya ce mata yana da wake buhu ashirin a ƙauye. Tela ba shi da rumbu. Waken ubansa ne. Uba da ɗa sun shafe safiya suna yanka wa juna farashi a kan rumbu ɗaya.

Na ce wa shef a soke. Shi ma murnar ta koma masa ciki, gaskiya, bai yi gardama ba ya buga wa darakta a Maradi. Amsar ta zo a taƙaice. Gwanjon da ya rufe ba a buɗe shi. In wanda ya ci ya janye, za a cire shi daga rajista, na'ura ta ba wanda ke biye masa. Shef ya ce, "Mai biye masa ɗansa ne, ranka ya daɗe." Darakta ya ce na'ura ba ta san wannan ba, lambobin salula biyu ne daban.

Za ku ce me ya hana su magana da juna. Ku ƴan birni ne. Baba Iliya mutumin da ne, yana kunyar ɗan fari. Bai taɓa kiran sunan Bitrus ba, sai dai "wancan na Tasawa". Ba sa zama tabarma ɗaya, balle su tattauna ciniki. Duk abin da ɗaya ke son ɗaya ya ji, ta bakin uwar gida Mama Rahila yake bi. A watan nan kuwa tana Mayahi, ƴarta ta haihu ta je wankan jego.

Na roƙi shef ya bar ni in bi kamiyon. Da muka isa na tarar da Baba Iliya a ƙofar gida, an riga an fito da buhuna. Fuskarsa ba daɗi, amma yana ɗaga kai kamar wanda ya dawo daga kokawa.

Ya ce, "Malam Lawali, kun haɗa ni da wani azzalumi. Na san irinsu, manyan ƴan kasuwa masu son su kore mu talakawa. Na ce ko da hasara ba ni bar mishi. Kuɗinku hannu da hannu ne, kuma har ƙohwar gida kuke ɗauka, in na rasa wanga sai yaushe?"

Bitrus ma yana nan, ya zo taimakon lodi, yana tsaye can nesa jikin darni. Bai san cewa gwanjon da ya faɗi shi ne wanda ubansa ya ci ba, ya ɗauka wani kaso ne daban. Na rasa ta inda zan fara. Na kira shi ya matso, ya matso rabi ya tsuguna. Na faɗa musu a fili.

Ƴan lodi suka ajiye buhun da ke hannunsu. Bitrus ya dafe kai, ya ce, ba ga ubansa ba, ga ni, "Na ga tsoho na wahala ne. Na ce in saida mishi da daraja, sai dai ya ga kuɗi." Hawaye na zuba masa, babban mutum mai ƴaƴa huɗu.

Na sassauta murya na ce, "Baba, akwai hanya. Ka janye, shi ma ya janye. Za a cire ku daga rajista, amma wakenku na nan, ku kai kasuwa." Tun a biro shef ya san zan faɗi haka, bai hana ni ba.

Baba Iliya ya juyo ya dube ni. Sannan ya ce, "Na sallama ko ban sallama ba?"

Na ce, "Ai na'ura ce, Baba, ba mutum ba."

Ya ce, "Ni mutum ne. Ranar Lahadi ni ka tsayawa gaban jama'a a majami'a. Ku ɗauka."

Na yi magiya har na gaji. Aka loda. Ban taɓa jin nauyin sa hannu a takardar karɓar kaya irin na ranar ba. Da za mu tashi na ji yana ce wa wata jikarsa, "Hwaɗa ma wancan ya ci abinci kahin ya koma."

Kuɗin waken bai kai su ko tsakiyar rani ba. Bitrus ya sayar da kekensa na ɗinki, ya tafi arewa wajen haƙar zinariya don ya cike geron gidan. Damina biyu bai yi noma da ubansa ba. A taron ƙarshen shekara a Maradi aka haska farashin nan a bango, aka ce reshen Tasawa ya fi kowa iya saye, aka ba mu takardar yabo.

Ba na ce muku na'ura mugun abu ba ce. Ta hana cuta da yawa, ta rufe bakin masu zarginmu. Amma dillalin da ya fi kowa lalacewa a kasuwar Urafane, in ya ga uba da ɗa suna yanka wa juna farashi, zai daka musu tsawa tun a tayi na biyu, don ya san gidan da kowa ya fito. Mu da ke gefen na'ura, wannan sanin shi ne aikinmu, ba kallon ekran ba. Tun daga lokacin, duk wanda ya zo rajista, kafin in karɓi lambarsa sai na tambaye shi ɗan gidan wa ne, da wa da wa suke ci rumbu ɗaya, kuma babban gidan ya san ya zo. Wani sufeto daga Maradi ya taɓa ce mini tambayoyin nan ba sa cikin tsari, ɓata lokaci ne. Na ce masa na sani, ranka ya daɗe. Na juya ga manomin da ke gabana na ci gaba da tambayarsa.